Mangwaron Bayan Rake

Fadamar da muke nomawa ba tamu ba ce. Na daɗe ban san haka ba, don tun da na yi wayo can nake kai wa Baba abinci, kuma ban taɓa ganin wani ya riƙe fartanya a cikinta ba sai shi. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Faskari, gefen hanyar da ke gangarawa Sabuwa. Muna da gonar gado a tudu, amma jigawa ce da ta gaji, hatsinta ba ya kai mu ko tsakiyar rani. Fadamar ce ke riƙe da gidan: rake, albasa, tumatir, da ɗan dankali a gefe. Saboda ita Baba bai taɓa tafiya cin rani ba, alhali rabin mazan unguwarmu watsewa suke yi da an gama girbi.

Mai ita wani dattijo ne da kowa ke ce wa Malam, aminin kakana. Shi ya ba Baba aronta bayan rasuwar kakan. Ba a biyan komai, sai dai duk abin da ya fara nuna a ɗebi na gaisuwa a kai masa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba Malam ya ƙirƙiro shi ba, haka ake yi ko'ina a wajenmu: mai aron gona ba ya dasa itace. Hatsi na shekara guda ne, a girbe a tashi. Itace kuwa yakan wuce wanda ya dasa shi, gobe 'ya'ya su ce na ubanmu ne, jikoki su haɗa har da ƙasar da yake kai. An sha ganin haka, an sha zaman shari'a a kansa.

A bakin rafin da ya zagaye fadamar akwai wurin da masu saran rake ke hutawa. Da bazara su sha mangwaro su watsar da ƙwallo nan, damina ta sauka ya tsiro. Wasu awaki su cinye, wasu su tsira. Na lura in Baba yana shara ya zo kansu sai ya karkatar da fartanya ya wuce. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ni dama ba mai magana ba ce, ko a aji malami ya jefo tambayar da na san amsarta, sai in sa ido a kan tururuwar da ke bin jikin benci har wani ya amsa.

Ina aji biyu, a farkon wata damina, Baba ya tafi Daudawa karɓo takin zamani, ya kwana can. Ya dawo da buhu ɗaya a bayan keke, da wani ƙunshin tsumma jiƙaƙƙe a aljihun gaba wanda bai bari kowa ya taɓa ba. Washegari ba makaranta, ya ce in biyo shi.

A bakin rafi ya warware tsumman. 'Yan sanduna ne tsawon yatsa, an tsige musu ganye, kowanne da ƙulli a kai kamar zai fashe. Ya ce malaman gona ne suka nuna masa aikin, daga bishiyarsu aka yanko. Ya farke ledar da ke cikin buhun taki ya yayyanka ta siri-siri, ya ɗora mini a hannu. Sannan ya durƙusa gaban ɗaya daga cikin 'yan mangwaron nan da suka tsiro da kansu, mai kaurin babban yatsa, ya sa aska ya fille shi daidai gwiwa. Ya tsaga kan kututturen, ya fere sandar da ya zo da ita gefe biyu kamar bakin gatari, ya cusa ta cikin tsagar a hankali har ɓawo ya haɗu da ɓawo, ya karɓi leda ya naɗe tam.

“Aure ke nan, Uwata,” in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. “Wanga na ƙasa shi ne tushe. Ɗan gida ne, ya san ƙasar nan, ya san fari, ya san inda ruwa yake. Amma 'ya'yanshi duk zare, ki sha ki wuni kina sakace. Na sama kuwa baƙo ne, shi kaɗai ba ya iya zama nan. In tushe ya karɓe shi ya shayar da shi, sai ki ga mangwaro kamar kan jariri.”

Na juya ledar a hannuna na tambaye shi. “Baba, ba an ce ba a dasawa ba?”

Sai da ya ɗaga kai ya dubi hanyar da ke zuwa daga gari, ya dubi tsallaken rafi, sannan ya amsa.

“Kin ga na dasa? Allah ya tsiro da abinShi, ni gyara kawai na yi.”

Da muka gama ya tara busasshiyar ciyawa ya jingina wa kowanne, yadda ledar ba za ta yi ƙyalli a rana ba.

Ba duka suka kama ba. Wasu suka yi baƙi suka bushe, Baba ya zare su ya jefa rafi. Waɗanda suka kama kuwa suka fito da ganye ja, laushi, a langaɓe kamar kunnen ɗan akuya. Aka ba ni aiki: duk tohon da ya fito ƙasa da ɗauri in murje shi da farce, don na tushe ne, in aka bar shi zai janye ruwan ya kashe baƙon. Taurin kai gare shi, na murje yau, in dawo bayan kwana kaɗan in tarar da wani a ɗaya gefen. Da aka kwance ledar sai ga tabo a wurin haɗin, ɗan kumburi, ɓawon ƙasa mai kaushi, na sama mai santsi. Baba yakan shafe wurin da laka.

Shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Aka yi wa makarantarmu rufin kwano, rediyo ta yi yawa a gari, samari suka riƙa barin gona suna bin manyan motoci. Babban ɗan Malam, wanda suka yi wasan ƙasa da Baba, ya samu kwangila a Kaduna, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Tun daga nan kowa, har Baba, Alhaji yake ce masa. Da farko da babur yake zuwa, daga baya da mota, ya ajiye ta inda hanya ta ƙare. Aka fara cewa yana neman wuri mai ruwa zai kafa injin ban ruwa. Ranar da Inna ta ji wannan magana a bakin wata maƙwabciya, tuwonta ya yi gudaji.

Akwai abin da malaman gona ba su gaya wa Baba ba, ko sun gaya masa bai sa a rai ba. Mangwaron da ya tsiro da kansa sai ya yi shekaru, ya fi ɗaki tsawo, kafin ya yi fure. Mai aure ba ya jira. Ina aji huɗu, cikin sanyi, na je da safe na tarar da fure a kan bishiyar da ko tsayin Baba ba ta kai ba. Duk wanda ya san mangwaro, in ya ga haka ya san an taɓa shi. Muka bi su muka tsinke furen, Baba yana cewa ai gara haka, sun yi ƙanƙanta da ɗaukar 'ya'ya. Na ga bai bar furen a ƙasa ba, sai da ya tona rami ya binne.

Shekarar da ta biyo baya abin ya fi ƙarfin tsinka. Kowane reshe ya yi fari, ƙamshi ya cika bakin rafi, ƙudaje da zuma suna ta kuka a kai tun daga nesa. A wannan makon na fara ganin sawun takalmi a kan kunyar albasa, mai tsini, da zane-zane a ƙasansa. Ba mai irinsa a cikin masu zuwa fadama.

Rannan ina zaune ina jiran Baba ya gama cin abinci in ɗauki kwano, sai ga mai takalmin.

“Sarkin noma! Sannu da aiki.”

“A'a, Alhaji! Yau a fadama? Kada dai laka ta ɓata maka shadda.”

“Ai a cikinta aka haife mu, ka manta wanda ya riƙa kayar da kai a rafin nan?” Ya yi dariya, haƙorin ya haska. Ya zagaya bishiya ɗaya, hannunsa a baya. “Ikon Allah. Ɗan yaye da fure. Wane taki kake ba su haka?”

“Ƙasar ce mai kyau, Alhaji.”

“Ƙwarai kuwa. Ƙasar Malam ai ba ta da ta biyu.” Ya juyo ya dube ni. “'Yar boko, ana karatu?”

Na sunkuyar da kai. Baba bai ƙarasa abincin ba.

Bayan kwana kaɗan aka kawo Malam. Idonsa ya riga ya dushe, jikarsa ce ke riƙe masa sanda. Bai yi faɗa ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce a kai shi gindin ɗaya. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora hannu a ƙasa, ya biyo kututturen sama sannu a hankali. Da yatsunsa suka iso wurin lakar sai suka tsaya. Ya kankare ta da farce, ya shafa tabon, ya sake shafawa.

“Wanga aikin wuƙa ne,” in ji shi.

“Allah shi gafarta Malam, ban dasa ba. Da kansu suka fito.”

“Ban ce ka dasa ba, ɗana. Saiwar tawa ce, tunda cikin ƙasata ta fito. Daga nan zuwa sama fa, na wa ne?”

Malam ya janye hannunsa daga jikin itacen.

“Ka gani. Ni da kai ba mu da rigima. Amma ni na kusa tahiya, kai ma za ka biyo ni. Ranar da ɗiyanka suka tsaya nan suka ce uban namu ya yi wa itatuwan ga aure, mi nawa za su ce? Ka sare abin da ke naka, ƙasa da tabon, ka ci gaba da nomanka. In kuwa ba ka iyawa, ka bar su su rayu ka bar mini wurin. Ɗaya za ka ɗauka.”

A gida Inna ba ta bari ya zauna ba. “Malam, ai ba abin tunani a nan. Mangwaro za mu tuƙa da damina? Ka sare su.” Ita ma Malam take ce wa Baba. Ba ta taɓa taka fadamar ba, tana cikin gida, abin da aka faɗa mata shi ta sani.

Ya sare su da safe, ina tsaye. Sara ɗaya ko biyu kowanne, kan ya kife da furensa. Ya ja rassan ya tara inda duk mai wucewa zai gani. Amma akwai bishiya guda a can kusurwa, inda rafi ya yi gwiwa, rake ya tsare ta daga hanya, tsallake kuma sarƙaƙiya ce. Ita ta fi duka kyau, har ta fara ɗaura 'ya'ya kamar ƙwayar gujiya. Ya tsaya a gabanta da adda. Ya taɓa ɗan mangwaro ɗaya da bayan yatsa. Sai ya sauke addar.

“Su nuna tukuna,” ya ce, ba tare da ya dube ni ba. “In ga kamarsu sau ɗaya, sai in sare ta. Kada Innarki ta ji.”

Daga ranar duk abin da ya tsaya tsakaninmu da rasa fadamar shi ne 'yan layukan raken nan. Aka sare na ko'ina, Baba ya bar na kusurwa. Masu sayen rake daga Ƙanƙara suka zo da akori-kura har sau biyu, ya ce ba na sayarwa ba ne, iri zai yi da shi.

“Iri har yanzu, Malam? Ai ya fara tsami a tsaye,” in ji ɗayansu. “Ko aljani ka ajiye a ciki?”

Suka yi dariya, Baba ma ya yi. Ni na ji kamar in nutse.

Zafi ya shigo, ganyen raken ya bushe, ya riƙa zubewa daga ƙasa. Kowane mako ina ganin shingen yana ƙara zama shara-shara. In na tsaya a kan hanya na karkata kai, ina iya hango duhun ganyen bishiyar ta tsakanin karare. Na daina karkata kai, don kada wani ya ga inda nake kallo. A makaranta in na ji ƙarar mota sai alli ya suɓuce mini. Kututturan da aka sare kuwa duk sun fashe da toho, kore shar, har sun fi na da yawan ganye, ba mai murje su yanzu.

'Ya'yan suka yi ta girma har rassan suka sunkuya, Baba ya tokare su da gwafa. Ban taɓa ganin mangwaro irinsu ba, dogaye, masu nauyi, gefen da rana ke bugu ya yi ja-ja. Suka fara ƙamshi. Wata safiya muka tarar jemage ya huda guda. Baba ya ce in jemage ya sani, yara ma sun kusa. Ya tsinke su duka ya zuba a buhu, ya lulluɓe da ganyen albasa, ya ce gobe zai zo da adda.

A gida ya juye su a gaban Inna ya ce a kasuwar Ƙetare wani ya kawo daga kudu, ya samu da araha. Inna ta ɗaga ɗaya da hannu biyu tana salati. Aka yanka guda aka raba. Wuƙa ta wuce kamar cikin gwanda, ba zare ko ɗaya, ƙwallon siriri. Baba ya sa yanki a baki ya rufe ido. Ni ban ji ɗanɗanon nawa sosai ba, ina kallon hancin sauran, inda aka tsinke, ƙaron yana nan yana naso, ya manne wa tabarma.

Washegari da na dawo daga makaranta na leƙa ƙwaryar da aka ajiye su. Manyan biyun da ke sama ba su nan. Inna tana tankaɗe.

“Na aika wa Malam mai fadama,” ta ce, tun ban tambaya ba. “Bawan Allah ba haƙori, an ce kwana biyu ko fura ba ya iya sha sosai. Wannan ai ko jariri ya sha. Abin kirki ya shigo gidan nan a ce ba a kai masa ba? Bare yanzu da ya yi mana adalci.”

Na ajiye allona na fita da gudu, ban ko cire kayan makaranta ba. Ban san abin da zan ce wa Baba ba, na dai san addar ya kamata ta riga kowa. A inda hanya ta ƙare na tarar da motar Alhaji, ba kowa a ciki. Na tsaya a wurin. Can sai ga shi ya fito ta cikin raken kusurwa yana kakkaɓe busasshen ganye daga kafaɗa, Baba na biye da shi, addar a hannu. Ashe da safe an yi wa Baba kiran gyaran madatsar ruwa, ya ce in ya dawo zai sare bishiyar. Alhaji ya wuce ni bai ce 'yar boko ba.

Da la'asar aka aiko kiran Baba. Inna ta ba ni kwanon kunu in kai cikin gidan Malam, sai na bi ta zaure na rage tafiya. Malam yana kishingiɗe a buzu, Baba a durƙushe.

“Na sha mangwaronka,” in ji Malam. “Tun da nike ban sha irinshi ba, Allah shi yi albarka. Amma da na riƙe shi ƙaro ya kama mini hannu. Abin da ya kwana a mota daga kudu ba ya haka.”

“Malam, yau ɗin nan zan sare ta. Wallahi addar na hannuna.”

“Na yarda. Bar ta, kada ka sare, ba ta yi laifi ba.” Ya yi tari ya daɗe. “Da ka zo ka ce mini, Malam, bar mini guda in ga 'ya'yanta, da na bar maka. Yanzu in na ce ka zauna, da wane baki zan ce wa yaran nan maganarka ta isa shaida? Ka sare rakenka, ka kwashe albasarka. Kafin ruwa ya sauka.”

Baba ya ce, “To, Malam. Na gode.”

A gida Inna ta saurara har ya gama. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi abu ɗaya, me ya sa ya ɓoye mata har ta aika da hannunta. Ta ɗauki ƙwaryar da sauran mangwaron ta miƙa wa yaran maƙwabta ta kan katanga.

Raken kusurwa ya riga ya lalace, masu alewa ma da ƙyar suka karɓa. Muka kwashe albasa a jaki, da gwafanni, da tsohuwar bukkar da Baba ke sallah a ciki. Damina ta zo muka noma tudu kaɗai, aka samu abin da aka saba samu. Da aka gama girbi Baba ya bi motar masu aikin titi ta wajen Funtuwa, da tabarma da buta da bargo ɗaya. Inna ta sayo gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli, ta ce daga yanzu in an tashi makaranta in wuce bakin tasha da faranti, kuma in koyi ɗaga murya, don ba mai sayen abin da bai ji an tallata ba.